Hasken da Ke Sauya Taku a Cikin Wayar Faiba

Shirinmu na yau zai leƙa cikin wayar faiba, zaren gilashin nan mai kaurin silin gashi, wanda kiranku da saƙonninku ke bi bayan an mayar da su haske. Ra'ayina shi ne, duk kamfanin sadarwar da ya shimfiɗa sabon layi yau, ya ɗaure shi a kan gudu ɗaya tilo, dukiya yake zubarwa.

Ku dubi manomi a gona. In abokin aikinsa na kusa, sai ya zuba magana da sauri. In yana can ƙarshen kunya, dole ya ja kalma ɗaya bayan ɗaya. Haka haske yake. Yana raunana a hanya, shi ya sa ake kafa na'urar ƙara masa ƙarfi kusan kowane kilomita 80, kowace kuma tana zuba masa 'yar hayaniyarta. Tun 1948 Claude Shannon na cibiyar Bell Labs a Amurka ya nuna da lissafi cewa yawan saƙon da hanya ke ɗauka ya dogara ga faɗinta da yadda sigina ta rinjayi hayaniya. A salon da injiniyoyi ke kira QPSK, siffa 4 kawai hasken ke ɗauka. In ka duba allon na'urar awo, ɗigo huɗu za ka gani, kowanne a kusurwarsa, nesa da ɗan'uwansa. A salon 16QAM kuwa ɗigo 16 aka cusa a wannan filin, sai kowane bugun haske ya ɗauki ninki biyu: gigabit 200 a daƙiƙa maimakon 100. Sai dai ɗigogin sun matsu, hayaniya kaɗan ta isa ta tura wani gonar wani. Saboda haka 16QAM na gajeriyar tafiya ne, QPSK kuma yana cin dubban kilomitoci. Na'urar zamani ta iya duka biyun, injiniya na zaune gaban kwamfuta zai zaɓar mata. Ina dalilin da layin Legas zuwa Ibadan zai yi takun layin Legas zuwa Kano, mai kusan kilomita 1,000?

Faɗin hanyar ma an sassauta shi. A da, kowane launin haske da ke bi ta zaren, faɗin gigahaz 50 ake yanka masa, kamar kasuwar da aka ba mai allura da mai katifa rumfa iri ɗaya. A 2012 hukumar sadarwa ta duniya, ITU, ta amince a riƙa yankawa da ma'aunin gigahaz 12.5, kowa ya ɗauki daidai kayansa.

Wani zai ce abin da tsada, kuma gaskiya ne, don sai an sauya na'urorin bakin layi da masu rarraba haske a mahaɗa. Amma babban kuɗin ya riga ya shiga ƙasa wajen haƙa rami da biyan izinin hanya, kuma zaren da aka binne ba a taɓa shi. Wani kuma zai ce matse layi har iyakarsa kasada ce, domin faiba na tsufa, kowane ɗinki bayan yankewa yana rage haske. Wannan ƙorafin ya fi nauyi, ban kuma raina shi ba. To amma layin da gudu ɗaya ya sani, ranar da hayaniya ta fi ƙarfinsa ɗauke wuta yake yi gaba ɗaya. Mai sassauci kuwa zai ɗan tsaya, ya sauko daga 200 zuwa 100, asibiti da banki su ci gaba da aiki. Haka nan in motar gyaran titi ta tsinke waya, abin da muka saba gani, sassauci ba zai ɗinke ta ba, amma zai bari a karkatar da hasken ta doguwar hanya da taku mai sauƙi kafin masu gyara su iso.

Don haka kirana ga hukumomi da kamfanonin da ke ba da kwangilar faiba a Najeriya da Nijar: ku rubuta sharaɗin sauya gudu da salo a cikin takardar kwangila, ku kuma horar da injiniyoyinmu na gida su iya sarrafa shi da kansu. Mu kwana nan, masu sauraro.