Ciwo Ba Ya Jiran Kaka

'Yan'uwa manoma, yawancinmu a ƙasar Daura mukan haɗa noma da wata 'yar sana'a. Wani tela ne, wani mai faci, wata tana ƙuliƙuli, wani yana kai awaki kasuwar Mai'adua. Ma'aikacin gwamnati in ya kwanta ciwo, albashinsa yana nan ƙarshen wata. Mai sana'a kuwa sau biyu yake biya: ga kuɗin kati da allura da magani, ga ranakun da keken ɗinki ya yi a rufe.

Zazzaɓin cizon sauro ya fi tsanani a Agusta da Satumba, daidai lokacin da rumbu ya yi ƙasa, kuɗi kuma sun tafi wajen taki da ƙwadago. Yaro ya kwanta, sai a taɓa jari. Jari ya ƙare, sai a sayar da akuya a wulaƙance, ko a ci bashi da alkawarin gero biyu a bakin ɗaya in kaka ta yi. Wani don gudun wannan sai ya sayi rabin magani a kemis. Wannan ita ce babbar hasara, gama ciwon yakan komo, a sake biya.

Inshorar lafiya ta ƙasa ta soma aiki a 2005, amma ma'aikatan gwamnatin tarayya ne suka fi cin moriyarta. A 2022 aka yi sabuwar doka domin ta game kowa. Duk da haka, fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa wajen jiyya a Nijeriya daga aljihun masu ciwo suke fitowa.

To, ƙungiyar gama kai tana iya rage wannan nauyi. A buɗe asusun ciwo dabam, kada a gama shi da adashi. Da kaka kowa ya zuba hatsi tiya biyar, a ajiye, a sayar da bazara sa'ad da ya yi tsada. Mutum biyu su riƙe mabuɗi, magatakarda ya riƙe littafi, a karanta lissafi a gaban kowa. Wanda ciwo ya sama a ranta masa ba ruwa, ya biya da kaka.

Sa'an nan shugaba ya je ofishin lafiya na ƙaramar hukuma, ko Daura ne, ko Zango, Baure, Sandamu ko Mai'adua, ya tambayi yadda masu sana'a za su shiga shirin taimakekeniyar lafiya na Jihar Katsina. Maganin rigakafin zazzaɓi da ake bi gida gida ana ba yara 'yan ƙasa da shekara 5 da damina kyauta ne, kada a bari ya wuce gidanku.