Ganyen Fiya a Tukunya: Abin da Ake Faɗa da Abin da Yake Gaskiya

Duk wanda ya dasa ƙwallon fiya a tukunya ko a tsohon bokiti, ranar da ganyen ya fara yaushi ko bakinsa ya ƙone, shawara za ta yi masa yawa. Wannan ya ce ƙishirwa ce, wancan ya ce a zuba taki, wani ya ce a barbaɗa toka. Matsalar waɗannan shawarwari ita ce duk ganye suke kallo, alhali mafi yawan ciwon ƙaramar bishiyar fiya daga saiwa yake tasowa. Fiya, wadda asalinta Meziko ne da tsakiyar nahiyar Amurka, saiwarta ba ta nitsewa sosai, ba ta da ƙananan gashin da saiwar yawancin tsirrai ke tsotsar ruwa da su, kuma tana matuƙar buƙatar iska. Cikin tukunya wannan rauni yakan ninka.

Maganar da ta fi kashe bishiyoyi ita ce wai ganye mai yaushi ruwa yake nema. Wani lokaci haka ne, amma fiyar da ruwa ya yi wa yawa ita ma yaushi take yi, kamannin ɗaya ne sak. Idan ƙasa ta jiƙe sharkaf kwana da kwanaki, iska ta ƙare a cikinta, saiwar ta fara mutuwa, sai ta kasa jan ruwan da take kwance a ciki. A irin wannan damshi ne ƙwayar cutar Phytophthora cinnamomi take yaɗuwa, kuma ita ce cutar da ta fi yi wa manoman fiya ɓarna a duniya. Mai shakka zai ce ai da idonsa ya ga an ba shuka ruwa ta miƙe. Gaskiya ne, kuma wannan ne gwajin: wadda ƙishirwa ta kama takan farfaɗo cikin 'yan sa'o'i, wadda saiwarta ta ruɓe kuwa tana nan a lanƙwashe har washegari. Kafin a ɗauki buta, a tura yatsa cikin ƙasar har gaɓa ta biyu. In da sanyin damshi, a dakata. In shakka ta ci gaba, a kifar da tukunyar a zare shukar a hankali. Lafiyayyar saiwa fara ce sol ko mai ruwan madara, tana da ƙarfi; ruɓaɓɓiya baƙa ce, tana karyewa ko ta murƙushe tsakanin yatsu. Zancen shimfiɗa tsakuwa a gindin tukunya don ruwa ya wuce kuwa ba ya aiki, sai ma ya ɗago jiƙaƙƙen sashen kusa da saiwa. Manyan huji da ƙasa mai sakin ruwa su ne magani.

Ƙonewar bakin ganye, inda tsinin ya koma ruwan ƙasa ya bushe ƙamas sannan ƙunar ta bi gefe-gefe, ana yawan ɗora ta a kan cuta har a nemi maganin feshi. A nan masu cewa gishiri ne su ke da gaskiya. Fiya na cikin itatuwan marmari da ba su jure gishiri ko kaɗan. Shuka tana zuƙar sinadarin kuloraid tare da ruwa, ruwan ya fita ta ganye, gishirin ya taru a tsinin tsofaffin ganyaye har ya kashe wurin. Ruwan rijiya ko na burtsatse mai zartsi yana jawo haka, yawan takin zamani ma haka, kuma farin ɓawon da ke fitowa a bakin tukunya shaida ne. Shi ya sa ba da ruwa kaɗan-kaɗan kullum yake cutarwa: yana ƙafewa ya bar gishirinsa. Abin yi shi ne lokaci-lokaci a kwarara ruwa mai daɗi, musamman na sama, har ya zuba ta ƙasa sosai. Wani zai ce wannan ya saɓa wa gargaɗin yawan ruwa. Bai saɓa ba, domin abin da ke kashe saiwa daɗewar ruwa ne a kwance, ruwan da ya ratsa ya fita bai da laifi. Wurin da ya riga ya ƙone ba zai dawo kore ba, don haka sabon toho ake dubawa a san ko an dace.

Batun rawaya kuma, ba kowace ce yunwar taki ba. In tsofaffin ganyayen ƙasa ne suka koɗe gaba ɗaya, ƙarancin naitirojin na iya zama dalili, taki kaɗan zai taimaka. In kuwa sababbin ganyayen sama ne suka yi rawaya jijiyoyinsu na nan kore shar, sinadarin ƙarfe ne shukar ta kasa ɗauka, galibi saboda ƙasar ta yi kanwa-kanwa ko ta jiƙe da yawa. Fiya ta fi son ƙasa mai ɗan tsami, wajen 6 zuwa 6.5 a ma'aunin pH, toka kuwa ɗaga wannan ma'auni take yi, don haka mai barbaɗa ta ƙara ciwon yake yi da kyakkyawar niyya. Jan launi ko ruwan tagulla a sabon toho ba ciwo ba ne sam, haka yake fitowa kafin ya rikiɗe kore.

Akwai dai abubuwan da daga waje suke zuwa, bai kamata a musanta su ba. Busasshiyar iskar hunturu tana ƙara ƙonewar baki, kuma lokacin ne ƙananan ƙwari dangin gizo-gizo suke yawaita, su bar ɗigo-ɗigo da siririyar yana a bayan ganye. Wanke ganyen da ruwa yakan rage su. Shukar da ta saba inuwa in aka fito da ita ranar bazara kai tsaye, ganye da koren ɓawonta sukan babbake. Maganar da ake yi cewa ganyen fiya guba ne ga dabbobi ita ma gaskiya ce: yana ɗauke da sinadarin persin, mai cutar da awaki, dawaki da tsuntsaye, yana kumbura hantsar akuya mai shayarwa, yana kuma lahanta zuciya. Ganyen da aka tsinke a binne shi ko a kai shi inda dabba ba za ta kai baki ba.