Kafin A Aika Wa Yaro Caja Zuwa Kafanchan

Daga cikin saƙonnin da 'yan'uwanmu mazauna Legas da Ibadan ke samu daga gida akwai wani sabo. A da, yaro agogo ko takalmi zai ce a sayo masa. Yanzu kuwa ɗalibin fasaha a Kafanchan ko Zonkwa sai ya ce a nemo masa Raspberry Pi a kasuwar kwamfuta ta Ikeja. Wannan ɗan allo ne da bai wuce girman katin banki ba, amma kwamfuta ce sukutum, da ita ake koyon sarrafa na'urori kamar famfon ban-ruwa. Uba ya saya da kuɗin guminsa, ya haɗa da caja, ya ba direba. Bayan kwana uku sai labari ya zo wai abin ya ƙi tashi. Sau da yawa allon lafiyarsa lau, laifin na caja ne ko na waya.

Mutanen Kafanchan ba baƙi ba ne a wannan fage. Gidauniyar Fantsuam, wadda aka kafa a 1996, ta ga yadda zafi da ƙurar hunturu da ɗaukewar wutar NEPA ke kashe kwamfutocin da take koyarwa da su. Saboda haka a shekarun 2000 ta haɗa kai da kamfanin ExpLAN na Ingila wajen gwada wata kwamfuta mai suna Solo, marar fanka, wadda cinta bai kai wat 10 ba, har hasken rana na iya riƙe ta. Ƙwaƙwalwarta ta ARM ce, dangin wadda ke cikin Raspberry Pi.

Abin da ya sake shi ne yadda wuta ke shiga. A da soka waya kawai ake yi, in ta dace to, in ba ta dace ba a ji ƙauri. Amma bakin nan mai suna USB-C, wanda aka fitar a 2014, da ciniki yake aiki, kamar a kasuwa. A cikinsa akwai wasu ƙafafu biyu na magana da ake kira CC. Cajar da ke da irin wannan baki ba ta sakin wuta ko kaɗan sai ta taɓa ta ji wani ɗan takunkumi mai om 5,100 a jikin na'urar. In ta ji shi sai ta ba da bolt 5, sa'an nan ta baje hajarta: ga bolt 5, ga 9, ga 15, ga 20, kowanne da yawan amfa da za ta iya. Na'ura ta zaɓi ɗaya, caja ta sallama, sai wuta ta hau. Ita ma waya tana da baki a cinikin, domin wayar gama-gari amfa 3 take ɗauka. Wadda za ta ɗauki amfa 5 dole a sa mata wani ɗan ƙwaya a ciki da zai shaida wa caja haka.

A nan ne Raspberry Pi 4 ya yi tuntuɓe da ya fito a 2019. Maimakon takunkumi biyu, ɗaya ga kowace ƙafa, sai aka haɗa su a kan guda. In an sa waya mai ƙwaya, caja sai ta zaci abin sauraren kiɗa aka soka mata, ta hana wuta. Abin dariya, wayar araha ce ke aiki, mai tsada ta ƙi. An gyara wannan a fitowa ta gaba, amma wanda zai sayi na hannu ya san da zancen.

Raspberry Pi 5 na 2023 kuwa nasa halin dabam ne. Amfa 5 yake so, amma a kan bolt 5 kawai. Cajar laftof da aka rubuta wa wat 65 takan ruɗi mai saye, alhali ƙarfin nan nata a bolt 20 yake. In aka ce bolt 5, yawancinsu amfa 3 za su bayar. Allon zai tashi, sai dai ya tsuke abin da yake ba na'urorin da aka jona masa, daga amfa 1.6 zuwa 0.6, har faifan ajiya ya riƙa ɗaukewa. Haka nan doguwar waya siririya tana cinye ƙarfin wuta a hanya. Da ya faɗi ƙasa da bolt 4.63 allon zai yi gargaɗi, kuma in ya mutu yana cikin rubutu katin ajiya na iya lalacewa, aikin da yaro ya yi wata da watanni ya tafi ke nan. Mai batirin sola kuma kada ya kuskura ya jona bolt 12 kai tsaye, sai da na'urar da ke sauke shi zuwa 5.

To, mai zuwa Ikeja ya fara tambayar yaron wane iri ne. In 4 ne, caja mai bolt 5 da amfa 3 ta isa. In 5 ne, a juya bayan cajar a karanta ƙananan rubutun, a tabbata an ga bolt 5 tare da amfa 5. Ta kamfanin kanta wat 27 ce, da wayarta a manne. A sa mai shago ya kunna a gaban ido kafin a biya, a kuma duba filogin ya zama mai ƙafa uku irin na Ingila, wanda zai shiga soket ɗin gida.