Ruwan Zafin Lamurde: Arzikin Da Ke Kwance A Gindin Tsauni

A Ƙaramar Hukumar Lamurde ta Jihar Adamawa, can gaba da Numan, akwai wata maɓuɓɓuga da ke fitar da ruwa mai zafi rani da damina, wadda mazauna yankin ke kira Ruwan Zafi. Baƙon da ya je kallonta da guzurinsa yake tafiya, kuma kafin dare ya juya, kuɗinsa na aljihu.

A Wikki kuwa, cikin gandun dajin Yankari da aka buɗe wa jama'a a 1962, ruwan ɗumi mai digiri 31 yana jawo masu biyan kuɗin shiga, masauki da abinci.

Hanya da ɗakunan kwana ne suka bambanta wuraren biyu. Gyaran hanya aikin gwamnati ne, amma masauki na jiran ɗan kasuwa mai hangen nesa.