Kakin Soja da Farar Rigar Likita

Ranar 4 ga Yuli, 2025, Shugaba Donald Trump ya sa hannu a wata doka mai tulin shafuka, kuma can cikinta akwai sashen da ya hana iyayen ɗaliban likitanci barci. Dokar ta ce daga 1 ga Yuli, 2026, sabon ɗalibi ba zai ranci fiye da dala 50,000 a shekara daga gwamnatin tarayya ba, jimilla kuma kada ta wuce 200,000. Majalisa ta sa wa bashi linzami, amma ta bar kuɗin makaranta a sake, alhali akwai makarantu masu zaman kansu da kuɗin karatunsu kaɗai ya haura dala 60,000 a shekara, ban da haya da abinci. Shi ya sa hira ta koma kan soja a gidajen da ake da yaro mai burin likitanci, har da gidajen mutanenmu na zango da ke unguwar Bronx a New York, waɗanda 'ya'yansu haifaffun can ne. Wasu na cewa soja na koyar da likitanci kyauta. Wasu kuma, da suka ji makarantar da yaron ya samu ta masu digirin DO ce, sai su taɓe baki su ce ashe ɗori zai koyo.

Wannan magana ta biyu ita ke ba ni haushi, don haka da ita zan fara. Amurka na da digirin likita iri biyu, MD da DO. Mai DO yana shekara huɗu a makaranta, yana rubuta magani, yana karɓar haihuwa, yana yin tiyatar zuciya idan fanninsa ke nan, a duk jihohi 50 na ƙasar. Tun 2020 hukuma ɗaya ke tantance horon ƙwarewar da masu digirin biyu ke shiga bayan makaranta. Ɗalibi ɗaya cikin huɗu na ɗaliban likitancin ƙasar a yau yana makarantar DO ne. Abin da ya ƙaru musu shi ne kimanin awa 200 na koyon aikin hannu a kan gaɓoɓi da tsoka, gadon da Andrew Taylor Still ya bari. Still likita ne da sanƙarau ya kashe masa 'ya'ya uku a 1864, ya yanke ƙauna da magungunan zamaninsa, ya buɗe makarantarsa a garin Kirksville na jihar Misuri a 1892. Aikin hannun nan yana ɗan taimaka wa ciwon baya. Wasu sassansa kuwa ba su da hujja mai ƙarfi, kuma yawancin masu DO ba sa waiwayarsa bayan sun kama aiki. Ruɗanin daga Ingila ya zo mana, inda mai sunan "osteopath", kalmar da harafin O na DO ya samo asali daga gare ta, ba likita ba ne, mai gyaran gaɓoɓi ne da hukumarsa daban.

Sojan Amurka ma ya taɓa yin irin wannan raini. A yaƙin duniya na biyu ba a ɗauki masu DO a matsayin likitocin soja ba, sai a 1966 sakataren tsaro Robert McNamara ya buɗe musu ƙofa. Shekara 30 bayan haka, Laftanar-Janar Ronald Blanck, mai DO, ya zama babban likitan rundunar sojan ƙasa. Da korona ta kwantar da Trump a asibitin Walter Reed a Oktoban 2020, likitan da ya tsaya gaban 'yan jarida, Sean Conley, hafsan sojan ruwa ne mai DO, kuma likitan Joe Biden, Kevin O'Connor, tsohon kanar ne mai wannan digirin. Idan ɗori ne, to maɗoran sun daɗe a fadar White House.

Batun kyauta kuwa, ga yadda abin yake. Tsarin da ake kira HPSP, wanda aka kafa a 1972, na 'yan ƙasa ne kawai. Rundunar da ɗalibi ya zaɓa, ta ƙasa, ta ruwa ko ta sama, tana biyan kuɗin makaranta gaba ɗaya da na littattafai, tana ba da alawus na kusan dala 3,000 a wata, wanda ya ɗauki na shekara huɗu kuma akan ba shi dala 20,000 na sa hannu. Ana ba shi muƙamin ƙaramin hafsa tun yana aji, yana kuma ba rundunar kwana 45 kowace shekara. Biyan yana zuwa daga baya: shekara ɗaya ta aiki cikin kaki a madadin kowace shekarar da aka biya. Abin da jami'in ɗaukar soja ba ya yawan ɗaga murya a kai shi ne shekarun horon ƙwarewa ba sa rage komai daga bashin. Huɗu a makaranta, uku aƙalla a horo, huɗu na biya, sha ɗaya ke nan, kuma fanni mai dogon horo na iya ƙara tsawon igiyar. Manomin da ya karɓi taki a farkon damina da sharaɗin zai biya da buhuna a kaka bai ce an yi masa kyauta ba. Bambancin kawai shi ne wannan bashin da shekarun ƙuruciya ake biyansa.

To a ce yarinya ta yarda da wannan, kuma ta samu gurbi a makarantu biyu na jihar Fensilbeniya: PCOM ta birnin Filadalfiya, wadda aka kafa a 1899, inda Blanck da Conley suka yi karatu, da LECOM ta garin Erie, wadda aka kafa a 1992, ta kuma yi suna wajen arha. Ɗalibin da zai ci bashi ba ya dogon tunani, don tazarar kuɗin makarantun biyu ta wuce dala 10,000 a shekara. Ita kuwa wannan lissafi bai shafe ta ba. Ko makarantar mai tsada ce ko mai arha, soja zai biya, shekarun da zai bi ta kuma huɗu ne. A nan iyaye kan yi kuskure iri biyu. Wani ya ce a ɗauki mai arha don tausayin gwamnati, wani ya ce tunda banza ta faɗi a ɗauki mafi tsada, kamar tsada ce ke koyar da allura.

Kuɗin da ya shafe ta shi ne alawus, wanda ba ya duban gari. Abin da za a ba ta a Filadalfiya, birni mai mutum sama da miliyan ɗaya da rabi, shi za a ba ta a Erie, inda mutane ba su cika 100,000 ba kuma haya ke da sauƙi. Mudu ɗaya ne, kasuwa biyu. Sai dai Erie na bakin tafki ne, dusar ƙanƙara na binne ta duk hunturu, Filadalfiya kuma cike take da masallatai da mahautan halal. Wanda bai taɓa yin azumi shi kaɗai a baƙon gari ba zai ɗauki wannan ƙaramin abu.

Amma abin da ya fi duka nauyi, wanda kuma ba a ganinsa ranar ziyarar makaranta, shi ne shekara ta uku. Shekaru biyun farko kusan ɗaya suke ko'ina: aji, ɗakin nazarin gawa, da shirin COMLEX, jarrabawar lasisin masu DO. A ta uku ne ake shiga asibiti. Yawancin makarantun DO ba su da katafaren asibitin koyarwa nasu irin na tsofaffin jami'o'i, sai dai su rarraba ɗalibai a asibitocin da suka ƙulla yarjejeniya da su. Wani ya faɗa inda ake horar da sababbin likitoci, marasa lafiya na shigowa dare da rana. Wani ya ƙare a ƙaramin ɗakin shan magani yana tsaye bayan likita ɗaya. Mai kai ɗansa koyon kanikanci ba allon gareji yake dubawa ba, motocin da ke shigowa yake ƙirgawa, ya kuma ga ko maigidan na miƙa wa yara sifana. Mai koyon ɗinki a shagon da ba a kawo aiki sai da salla zai shekara uku yana ɗinka maɓalli. Don haka abin da za ta tambayi kowace makaranta shi ne sunayen asibitocin, yadda ake raba su, ko da ƙuri'a ne, da ko za ta zauna wuri ɗaya ko za ta riƙa naɗe kaya kowane wata. Ɗaliban aji uku za ta tambaya, ba ofishin ɗaukar ɗalibai ba.

Sai kalanda. Ɗaliban farar hula na jin inda za su yi horon ƙwarewa a watan Maris, na soja kuwa tun Disamba, wata uku kafin haka. Kafin nan dole ta je ta nuna kanta na 'yan makonni a asibitocin soja, irin su Brooke da ke San Antonio, Madigan da ke jihar Washington, ko na sojan ruwa da ke Portsmouth da San Diego, domin shugabannin sassan nan wanda suka gani da ido suka fi ɗauka. Makarantar da ta cika farkon shekara ta huɗu da ayyukanta na dole ta rufe mata wannan ƙofar ba tare da mugun nufi ba. Haka hutun da ke tsakanin shekarar farko da ta biyu: a cikinsa akan yi horon hafsoshi, wanda na sojan ruwa mako biyar ne a Newport. Idan hutun bai kai ba, sai a yi ta ɗage shi zuwa lokacin da ya fi matsi. Makarantar da ta saba da ɗaliban soja ta san takardun da ake buƙata, akwai kuma na gaba da za su nuna hanya. Ni da za a tambaye ni, kalandar nan da asibitocin shekara ta uku zan sa a gaba, haya ta biyo baya, tsufan suna ya zo ƙarshe.

Ko ta zaɓi daidai, fannin da za ta ƙware a kai ba a hannunta kaɗai yake ba. Rundunar ce ke ƙayyade yawan likitocin yara ko na ƙashi da take buƙata kowace shekara, kuma ana iya tura mutum ya yi wa bataliya ko jirgin ruwa aikin likitan gama-gari bayan shekara ɗaya ta horo, ƙwarewa ta jira. Wurin aiki ma haka. Conley ya yi aiki a asibitin sojan ƙawance da ke Kandahar a 2014, kuma har zuwa 2024, lokacin da gwamnatin Nijar ta sallame su, sojojin Amurka na da sansani a Agadez. Yarinyar da ta tashi tana jin Hausa a Bronx, da ta kammala shekaru kaɗan kafin haka, ba abin mamaki ba ne takardar tura ta aiki ta nuna can.