Kukan Famfon Mai: Abin da Tsohuwar Mota Ke Gaya Maka Kafin ta Tsaya

 Yau za mu ɗan bar zancen farashin shanu mu taɓa zancen motar da ke kai mu kasuwa. Wanda ya bar Garwa da asuba zai ci kasuwar Adumri, ko Pitowa ran Lahadi, ko kuwa zai tsallaka zuwa Mubi, in mota ta mutu masa a daji ga kuɗi a jiki, asarar ta wuce ta ciniki. Kowa ya san tarihin 'yan kwanta-kwanta a hanyoyin arewacin Kamaru tun shekarun 1990. Famfon mai kuwa da wuya ya mutu bai yi gargaɗi ba. Sauraro ne ba mu yi.

Da farko ka san irin famfonka, don iri biyu ne. Mota mai kafireto, kamar Peugeot 504 wadda aka daɗe ana harhaɗawa a Kaduna, famfonta yana jikin inji. Injin ne ke motsa wani ɗan hannu, hannun ya riƙa jan wata fata ta roba tana zuƙo mai. Mota mai injekta kuwa, irin su Toyota Carina E, famfonta na lantarki ne, yana cikin tanki. Na farko turinsa kaɗan ne, bai kai rabin ba ɗaya ba a ma'auni. Na biyu yakan kai wajen ba 3.

To, ga yadda ake sauraron na lantarki. Kashe rediyo, murɗa makulli har fitilun gaban direba su kama, amma kada ka tada inji. A galibin motoci, lafiyayye zai yi ɗan gunji a hankali daga wajen kujerar baya, na daƙiƙa biyu ko uku, ya yi shiru. In kukan ya zama tsinin ƙara kamar na sauro a kunne, har kana jinsa mota na tafiya, famfon yana wahala ne. Galibi ragar da ke bakinsa ta toshe, ko filta ta cika da datti. In ƙarar tana zuwa tana tafiya a kwana ko a hawa, mai ne ya yi ƙasa, famfo na zuƙar iska. In kuwa muryarsa na sauya sa'ad da ka kunna manyan fitilu, duba batir da wayoyi, wuta ce ba ta isa.

In shiru ka ji gaba ɗaya, kada ka yi saurin yanke masa hukunci. Duba fis, duba rile, duba wayar da ke shiga tanki. Da yawa an sayi sabon famfo alhali fis ne ya ƙone. Akwai dabarar bubbuga ƙasan tanki da tafin hannu wani na murɗa makulli. In mota ta tashi ta haka, famfon ya gaji ke nan. Dabarar ta kai ka gari ce kawai, ba gyara ba ce.

Na jikin inji kuma ɗan "ƙyas-ƙyas" yake yi. In ƙarar ta yi yawa, ɗora bakin doguwar sukundireba a jikinsa, ka kara ƙotar a kunne, kana nesa da fanka da bel. In nan ƙarar ta fi ƙarfi, hannun ya cinye ko sifirin ya karye. In ta fi ƙarfi a murfin saman inji, tafet ne, famfo ba ruwansa. Babban haɗarinsa shi ne fatar nan ta yage. Za ka ga fetur na ɗiga ta ƙaramin ramin da ke jikinsa, ko ka zaro sandar gwada baƙin mai ka ga ya ƙaru, ya tsinke, yana warin fetur. Ka ga haka, tsaya. Sai an sauya famfo da baƙin mai duka, in ba haka ba inji ne zai tafi.

Ana gwada irin wannan famfon da kwalba: a cire tiyon da ke shiga kafireto a sa a ciki, a cire wayar da ke ba koyil wuta, a buga sitata. Mai ya fito da ƙarfi, bul-bul. Amma kada a yi wa mai injekta haka, feshin zai iya kama wuta. Ita sai makanike ya sa ma'auni. Kuma ba sigari, ba ashana.

Wata alamar ita ce hawa. Motar da ke gudu lafiya a shimfiɗe amma ta riƙa shaƙewa tana fizga a hawan dutsen Mbe, hanyar Ngaundere, mai ne ba ya isarta. Fara da filta, ita ce mai araha. Sannan zafin Garwa a watan Maris da Afrilu yakan wuce digiri 40. Fetur yakan zama tururi cikin tiyo, mai kafireto ta ƙi tashi bayan ɗan tsayawa. Buɗe bonet, ɗora jiƙaƙƙen tsumma a kan famfo, ka jira kaɗan. Haka nan in ka buɗe murfin tanki ka ji ya zuƙi iska "fuu", ka rufe mota ta warware na ɗan lokaci, hanyar numfashin tanki ce ta toshe.

Yanzu sai tushen ciwon, wato man da muke sha. Man zuwa-zuwa da ake shigo da shi daga Nijeriya a jarka ya daɗe yana riƙe motocin yankin nan. Da aka cire tallafin mai a Nijeriya a watan Mayun 2023 ya yi tsada, amma jarka da ƙurar hunturu suna nan yadda suke. Datti na cinye famfo, ruwa na sa tanki tsatsa, tsatsar ta toshe raga. Kafin a zuba maka, a tsiyaya kaɗan a farar kwalba ka bari ya kwanta. Ruwa ya fi fetur nauyi, za ka gan shi a ƙasa. A tace da tsumma mai tsabta a bakin mazurari. Kuma ka daina tafiya da tanki a ƙasa da kwata, domin man da ke ratsa famfon lantarki yana kewaye shi, shi ke sanyaya shi. Tattalin lita biyar ba ya biyan kuɗin famfo.

Daga ƙarshe, kada but ɗinka ta rasa filta sabuwa, da fis, da rile, da guntun tiyo da ƙulle-ƙullensa. Mai 504 ya ƙara da famfo guda, noti biyu ne ke riƙe da shi. Duk wannan zancen fetur ne. Famfon tirela mai gas wani karatu ne daban. Daren jajibirin kasuwa ka ba motarka minti ɗaya ka saurare ta. Allah ya tsare hanya, ya ba da kasuwa mai albarka, amin.