Zoɓo: Jan Ruwan Da Ba A Tambayar Gonarsa

Duk wanda ya taɓa yin bazara a Maiduguri, lokacin da zafi kan haura digiri 40 cikin watan Afrilu, ya san darajar kofin zoɓo mai sanyi. Amma in mutum ya tsaya wajen masu awo a Kasuwar Litinin ko ta Gamboru, zai ji ana cinikin kwano ne kurum. Da wuya ya ji mai saye ya tambayi daga wace gona zoɓon ya fito.

To, a Faransa wannan tambaya ita ce kasuwar kanta. A yankin Burgundi akwai wata gonar inabi mai suna Romanée-Conti wadda ba ta cika hekta 2 ba. Ba a haɗa inabinta da na maƙwabta, ana matse shi daban, a rubuta sunan gonar da shekarar girbi a jikin kwalba. A 2018 an yi gwanjon kwalba guda ta girbin 1945 a birnin New York kan dala 558,000. Giya dai haramun ce ga Musulmi, babu ja a nan. Abin lura kawai shi ne, Faransawa sun gane cewa ƙasa da ruwan sama da hannun manomi suna fita a ɗanɗano, har suka kafa doka tun 1935 don kare sunayen wuraren noma.

Zoɓo ma haka ya ke. Ɗiyan yakuwa ne, wadda Barebari ke kira karasu. Ana shuka ta da faɗuwar damina, ba ta fure sai rana ta fara gajarta, sa'an nan a girbe da shigowar hunturu. Ta fi son jigawa mai tsane ruwa bisa ga baƙar laka irin ta firgi, kuma busasshiyar iskar Borno kan shanya ta ba tare da fumfuna ba. Ba furen a ke sha ba, jan ɓawon nan ne mai kauri da ya lulluɓe ƙwanson iri, wanda mata kan ɓare da hannu ɗaya bayan ɗaya. Wadda ta ɓare da wuri ta shanya bisa tabarma ba za ta sami abu ɗaya da wadda ta baza a ƙasa cikin rairayi ba.

Sai dai duk wannan bambanci a buhu ya ke mutuwa. Dillali kan juye na mai tsabta da na mai ganganci wuri guda, ya biya su kuɗi ɗaya, a loda zuwa Kano ko Maigatari, daga can sai jirgin ruwa. Meksiko, babbar mai sayen zoɓon Nijeriya, ta taɓa dakatar da ciniki na 'yan shekaru saboda ƙwarin da aka gani cikin kaya, hukuncin ya hau kan kowa tunda buhu bai faɗi gonarsa ba. Alhali kuwa a Sudan zoɓon Kordofan da sunansa a ke nemansa.

Mai son ya ji ainihin zoɓo sai ya sami na gona guda, ya ɗauraye shi sama-sama, ya zuba cikin tafasasshen ruwa bayan an sauke tukunya, ya rufe. Doguwar tafasa tana kashe ƙanshi. Citta da kanumfari kaɗan sun isa, sukari kuma sai an tace an ɗanɗana. Kanwa, wadda wasu kan jefa don rage tsami, baƙanta ruwan ta ke yi. Su kuwa garin ƙanshin leda da aka yayi yanzu, da su za a sha ko wane irin zoɓo a ji shi ɗaya.

Manoman Jere da Konduga da Mafa sun shafe shekaru ba sa iya nisa da gari saboda rikicin Boko Haram. Kisan manoma a Koshebe cikin 2020 bai gushe daga zukata ba, ga kuma ambaliyar Alau ta 2024. Mai ɗan fili kusa da gari ba zai yi gasar yawan buhu da manoman Jigawa ba. Abin da zai iya sayarwa da tsada shi ne tsabta da sunan gonarsa, in har masu shaguna da gidajen abinci na Maiduguri za su fara rubuta shi a jikin gora.